Manomin Da Ya Nome Geronsa

Kai Ɗanlami, mayar da ƙwayar nan aljihu tukuna, ka ji wani misali. Abin nan da kake kira maganin gajiya, mu da muka fara ganinsa a asibiti muka gan shi, ana ba wanda ya karye ko aka yi wa aiki, shi ma sai likita ya sa hannu. Yadda aka yi ya baro can ya shiga kemis, ya fito ya hau faifan 'yan talla kusa da goro, wallahi har yau abin yana ɗaure mini kai.

Wani manomi ne, gonarsa ɗaya tak, bakuna tara na jiran ta. Ruwa ya zauna, harƙiya ta taso tare da gero, ka kuwa san a kwanakin nan su biyun kamar tagwaye suke, sai mai natsuwa ke raba su. Ciwon ƙugu ya matsa masa, aka ba shi ƙwaya guda. Ranar ya yi aikin mutum biyu, har yana yi wa maƙwabta dariya. Kwana kaɗan guda ta daina jin sa, ya koma biyu, ya koma huɗu. Ranar da ya watsa biyar, ya duƙa tun sassafe bai ɗago ba, fartanya na tashi kamar ba hannun mutum ke riƙe da ita ba. Da azahar mai ɗakinsa ta kawo fura, ta tsaya a bakin gona ta dafe ƙirji, ta ce, "Malam, me zan gani haka?" Ya waiwaya. Kunya bayan kunya, gero kwance rana ta yanƙwana shi, harƙiya kuwa tsaye, har ya tara mata ƙasa a gindi. Ya dubi fartanya, ya dubi hannunsa, ya shiga tambayar wane maƙiyi ne ya shigo masa gona. Bawan Allah har rantsuwa yake yi shi ciyawa ya nome, yana kuka yana tsintar geron yana mayarwa rami. Ina! Iri ya ƙare, lokacin shuka ya wuce. Na ji tausayinsa, amma na fi jin na yaran da suka ga kaka ta zo rumbunsu wayam.

To, kai ma ƙarfi ka ce kana nema, ko? Hausawa sun riga mu faɗa: garin neman ƙiba a kan samo rama.