Sukari Biyu a Shayin Mista Tranter

Mista Oswald Tranter ya kurɓi shayinsa, ya yamutsa fuska, ya ce, "A sake."

Karo na goma sha ɗaya ke nan. Jarumar fim ɗin ta tashi daga gindin matakala inda aka shaƙe ta, ta kakkaɓe riga tana ƙunƙuni, ta hau sama don a sake shaƙe ta. Wa ya isa ya yi masa musu? A duk birnin Landan na shekarar 1956 babu mai shirya fim ɗin faɗuwar gaba kamar Tranter. Mutumin da ya taɓa sumar da mata uku a silima da hoton ƙofa kawai, ƙofar ma a rufe! Masana har littafi suka rubuta a kan shirun da yake yi yana duban kofinsa kafin ya buɗe baki.

Gerald Maddox, sabon manajan kamfanin, yana tsaye a baya da agogo a hannu. Masu kamfani sun faɗa masa ba ɓoye-ɓoye: ko fim ya fito kafin Kirsimeti, ko shi ya fita. Daga masana'antar biskit aka ɗauko shi, kuma a ganinsa fim da biskit duk tanda ɗaya ce, in abu ya ƙi gasuwa da wuri to akwai mai wasa da wuta.

Mako biyu ya sa ido, ya gano mai wasan. Misis Dobbs ce, tsohuwa mai shayi.

Kullum da safe za ta turo kekenta na shayi yana ƙiƙi-ƙaƙa, ta yi ta zagaye filin ɗaukar fim kamar wadda ta yar da allura, sannan ta tsaya. Don tsabar rashin sa'a kuma, inda ta tsaya nan ne daidai maigida Tranter zai ce a kafa na'urar ɗaukar hoto, sai an ture keken ana tsaki. Ga mantuwa. Bayan kowace ɗauka takan miƙa wa Tranter kofi. In ta tuna ta sa sukari biyu, ransa ya yi fari ya ce, "Ya yi." In ta manta, kowa ya shiga uku.

"Misis Dobbs, don girman Allah yau ki tuna da sukari," in ji jarumar. "Wuyana ya gaji."

"Hannu ne, 'yata. Wata rana ya tuna, wata rana ya ƙi."

Maddox ya yi mamakin yadda mutane ɗari suka shekara ashirin da shida ba su ga abin da ya gani a kwana goma sha huɗu ba. Ranar Juma'a ya kira ta ofis ya sallame ta.

Ta kwance ƙyallen gaban rigarta a natse. "Mista Maddox, saura kisan ɗakin girki ba a ɗauka ba. Shi ne fa zuciyar labarin."

"Ina ruwan biri da gada? A gidan nan mace ko ta dafa shayi, ko ta yi ɗinki, ko a shaƙe ta a matakala. Ke kuwa shayin ma ya fi ƙarfinki."

Ya kawo ƙanwar matarsa a madadinta, ya ba ta doka biyu: sukari biyu kullum, keke kuma ya tsaya a bakin ƙofa kada ya tare wa mutane hanya.

Ranar Litinin Tranter ya shigo ya waiwaiga. "Ina Misis Dobbs?"

"Mura ta kwantar da ita," Maddox ya shara ƙarya. "Amma sai da ta koya wa wannan komai da komai."

Tranter ya daɗe yana kallon keken. Can ya ce a kai na'ura bakin ƙofa. Aka ɗauka sau ɗaya, ya kurɓi shayi, ya ɗaga gira, ya ce, "Ya yi."

Kai, aiki ya yi gudu! Abin da ake tsammanin zai ci wata biyu, kwana tara ya ci. Maddox ya sayi sabuwar hula, ya fara yi wa abokansa bayanin sirrin fasaha a wurin cin abincin rana.

Da la'asar ɗin wata Laraba aka haska fim ɗin ga masu kamfani da 'yan jarida. Da aka zo kisan ɗakin girki, sai ga mai kisa can nesa ɗan mitsitsi, rabinsa ma kabad ya tare. Wuƙarsa ta faɗi, ya duƙa ya ɗauka. Gawar ta yi atishawa. Wani ɗan jarida ya fara dariya, ɗaki ya ɗauka, har da masu share hawaye.

Shugaban kamfani ya sa hularsa. "Mako guda, Maddox. Ko ka gyara, ko ka kawo mini makullai."

Maddox ya tarar da Tranter shi kaɗai a kujerarsa mai ɗauke da sunansa. Ya yi kamar ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ka rufa mini asiri. Ina da 'ya'ya uku. A sake ɗauka, kai kaɗai za ka iya."

"Ba damuwa. Murar Misis Dobbs ta sake ta?"

"Wace mura! Korarta na yi. Shekaranjiya ta hau jirgin ruwa, ta tafi wurin ɗanta a Ostireliya. Ka bar maganar shayi, ranka ya daɗe, maganar fim ake yi."

Tranter ya ajiye kofin shayinsa a hankali.

"Ai maganar fim ɗin nake yi, ɗana. Ita ke shiryawa tun ranar farko. Ni shayi kawai nake sha."