Inda Gas ɗin Malam Mato Ya Tafi

Malam Mato ya zaro karan dogonyaro daga tankin motarsa, ya ɗaga shi sama yana dubawa kamar likita da takardar gwajin jini. Allurar mai ta mutu tuntuni, mitar tafiya ma ta bi bayanta, don haka wannan kara mai tsaga huɗu shi ne babban injiniyansa. Ranar Asabar gas yana tsaga ta uku. Yau ya sauka ƙasa da ta biyu, alhali ƙauyen Gella kawai motar ta je, sau ɗaya.

Tsohuwar mota ce mai shan gas, kuma a da ba ta da haɗama. Sai ranar kasuwar ƙauye yake fita da ita. Sauran ranaku tana ajiye a gida, makulli a rataye jikin ƙusa, shi kuwa yana shagonsa na yadi tun safe har magariba.

Ya kai wa Ishiyaku bakanike, gajeren mutum mai dogon bayani. Ishiyaku ya canja filtar iska, ba sauƙi. Ya canja ta gas, ya wanke nozul, ya ƙara wa tayoyi iska, ya ɗaga motar ya juya ƙafafun ko birki ne ke kamawa. Ya sa aka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin tanki, kwali ya kwana ya tashi a bushe. Da ya ce kuloci yana warin ƙuna, a riƙa sassauta ƙafa, sai Mato ya tuna masa cewa shi tun kafin a yaye Ishiyaku yake tuƙi.

Abin haushi kuma, tun da aka fara zaryar gareji kujerar direba ba ta sake zama daidai ba, kullum ta matso gaba, madubi ya sunkuya. Gajartar Ishiyaku ke nan. A gida ma ba daɗi, har matashin kansa ya ɓace, aka ce ai yara ne.

Duk wannan ya faro ne a watan da Michika ta faɗa hannun 'yan bindiga, mutane suka kwararo Mubi da ƙunshin kaya a ka. Cikinsu akwai Mairamu, malamar jinya, wadda ta sauka a gidan da ke jikin nasu da wata mota duk a lotse. Mato ya kalli motar ya yanke hukunci: abin da ke faruwa ke nan in an ba mace sitiyari. Matarsa Safiyatu kuwa ta maƙale wa baƙuwar, kullum suna tare, kullum ta dawo da sabon tsoro. Ta ɗaure takardun yara a leda. Ta dame shi da maganar mahaifiyarsa, Inna Hansai, wadda ƙafafunta ko bayan gida ba sa kai ta sai an riƙe.

Mato ya ce Mubi ba Michika ba ce, akwai bariki. Namiji mai babbar matsala a gabansa ba shi da lokacin tsoron mata.

Da ilimin Ishiyaku ya ƙare, sai Mato ya koma nasa: ɓarawo ne ke zuƙe masa gas da tiyo. Ya sayo kwaɗo ya garƙame murfin tanki, ya haɗa ɗan makullin da na mota, ya mayar ƙusa. Ya kai ƙara wurin mazan unguwa, kowa ya yi tari ya kalli gefe. Bayan kwana huɗu kara ya sake sauka.

Nan ya rantse sai ya sayar da ita.

"Baban Munzali," in ji Safiyatu, "in ka sayar, a me za mu ɗauki Inna?"

"Zuwa ina?"

Ta juya ta shiga ɗakin Inna. Shi kuwa ya samo mai saye, har ya cika tanki fal, abin da bai taɓa yi wa iyalinsa ba, don kada baƙo ya raina shi.

Ranar Laraba da hantsi, ƙarshen Oktoba, yana kasuwa yana jiran mutumin, sai harbi ya tashi. Kafin ya gama rufe shago gari ya kife. Ya nufi gida, aka ce ta can 'yan bindigar ke shigowa. Ya kira waya, ba ta shiga. Taro ya kwashe shi kamar ruwan kogi, bai tsaya ba sai a hanyar Gella, ƙafa ɗaya ba takalmi.

Yana tafe yana ganin ƙusar nan a idonsa. Mota cike da gas, yara huɗu, tsohuwa a kwance, shi kuma direban gidan ga shi nan yana gudu shi kaɗai. Tun da ya girma bai yi kuka a gaban mutane ba sai ranar.

Can sai ya ji tarin injin da zai gane ko cikin dubu. Ya waiwaya. Motarsa ce, katifa a ɗaure a sama, tana ratsa mutane a hankali, tana kauce wa ramuka kamar ta haddace su. Ashe ɓarawon bai tsaya a gas ba. Mato ya sunkuci dutse ya tsaya a tsakiyar titi.

Motar ta tsaya cak a gabansa, injin bai ko mutu ba. Inna Hansai a baya, jikoki a jikinta. Mairamu a gaba, gefen mai zaman banza.

"Ajiye dutsen ka shiga baya, Baban Munzali," in ji Safiyatu daga bayan sitiyari, tana gyara zama a kan matashinsa, "mako shida ina koyo da gas ɗinka, ba yau zan ba ka kujerar nan ba."