Muryar da Ta Kira Nomau

Shekara goma sha biyu saƙo yake yi kafin ya iso daga tauraron da Nomau ya tafi aiki. Ranar Talata mahaifiyarsa, Tasalla, ta je gidan waya, wata ma'aikaciya ta kunna mata muryarsa.

"Inna, ranar da ke haska wurin nan kamar tamu take. Sai dai wata ƙatuwar duniya tana zagaya ta, takan tare mana haske kwana tara. In duhun ya sauka, mukan ji ana kiranmu daga waje. Yau muryarki na ji. Bari in leƙa."

Tasalla ta dafa teburi. "'Yar nan, akwai wani saƙon bayan wannan?"

Ma'aikaciyar ta saurara, sannan ta ɗago. "Akwai, Iya. Amma muryarki ce."