Safar Hannun Ɗan Baduku

Kai da kake cewa kyautar masoyi ajiye ta ake yi, ba a mora, matso ka ji abin da ya sami wani ɗan baduku.

Mutumin nan ya bar garinsu da niyyar sauke farali. Ya bi ayari ya nausa gabas, har guzuri ya ƙare masa a bakin Bahar Maliya. Da ya ga ba gaba ba baya, sai ya shiga sana'ar talakawan wurin. Akwai wasu duwatsu da suka miƙe tsaye a kan ruwa kamar ganuwa, inda tsuntsayen teku ke taruwa, kashinsu kuwa taki ne da masu lambu ke rububi. Mutum zai rataya buhu a baya, ya kama dutse ya hau, ya kankaro ya sauko. Dutsen ba irin na gida ba ne mai santsi. Gishiri da iska sun zaizaye shi, duk inda ka kama sai ka ce aska aka dasa. A ƙarƙashinka kuma ruwa ne mai shuɗin da ya koma baƙi, wanda ko masunta ba su san iyakar zurfinsa ba. Abokan aikinsa kowa yana naɗe hannu da abin da ya samu, wani tsumma, wani tsohuwar fatar salka. Shi kuwa da ya ga wani alhajin ƙasarsu zai koma, sai ya ba shi sallahu zuwa ga tsohonsa, a gaya masa yana nan lafiya, sai dai dutse yana cin hannunsa.

Shekara ta zagayo, wani maniyyaci ya iso masa da ƙunshi. Safar hannu ce ta jar fatar akuya, an ninka tafin da fatar bijimi mai kauri, ɗinkin ƙanana a jere kamar haƙoran masara. Uban ne ya ɗinka, ya auna da nasa hannun, domin tun ɗan yana saurayi hannunsu ya zo ɗaya. Yana kwance ƙunshin, ƙanshin bagaruwar jima ya daki hancinsa. Nan take ya ga zauren gidansu, ya ga tsohon a kan buzu ya tanƙwashe ƙafa, basilla a hannu, ya ji lugude daga cikin gida da kukan kurciya a kan tsamiya. Ya zura hannu, safar ta zauna masa daidai, kamar uban ne ya riƙe shi. Sai ya ɗaga kai ya dubi dutsen. Ya ce a ransa, kafin wata ya mutu dutsen nan zai yayyaga ta, ruwan gishiri ya wanke ƙanshin, to da me zai riƙa tuna gida? Ya mayar da ita cikin ƙyallenta, ya cusa a ƙasan jaka. Kullum in ya sauko da yamma, tafukansa duk tsaga, gishiri yana yi masa raɗaɗi, sai ya fito da ita ya sunsuna, ya juya fuska yamma, ya daɗe a zaune. Abokansa suka yi ta yi masa magana ya sa ta in zai hau, yana cewa sai gobe.

Wata safiya teku ta tashi, feshinta ya jiƙe dutsen. Ya yi nisa a sama ƙafarsa ta zame, nauyinsa duka ya koma kan hannun dama. Bakin dutsen ya shige tafinsa har ƙashi. Bai saki ba, don ya san abin da ke jiransa a ƙasa. Haka ya yi ta reto, jini yana bin damtsensa, har aka jefo masa igiya aka ja shi. Ciwon ya warke, amma jijiya ta tsinke, yatsun suka lanƙwashe ba su ƙara miƙewa ba. Hawa ya ƙare ke nan. Mutanen kirki suka taimaka masa ya ƙetare ya sauke faralinsa, daga nan ya kamo hanyar gida.

Ya iske tsohon a zaure, idanunsa sun tafi, fatu a jingine ba mai yanka su. Ashe tun da ganinsa ya fara raguwa yake ce wa masu kawo aiki su yi haƙuri, ɗansa yana tafe, shi zai karɓi basilla. Suka gaisa. Tsohon ya laluba ya kama hannun ɗansa na dama, ya shafa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ɗan yana so ya faranta masa, sai ya buɗe jaka ya ɗora masa safar a cinya, ya ce, “Baba, ga ta nan yadda ka aiko ta, ko ƙwarzane babu.”

Tsohon ya shafa tafin safar, ya ji shi sumul. Ya daɗe yana juya ta, sannan ya ce, “Ɗana, ai don ta yage na ɗinka ta. Fata tana nan cike da kasuwa. Hannunka nake jira.”

Ɗan ya sunkuyar da kai. Aikin da aka daɗe ana ajiye masa, washegari aka kwashe aka kai wani zaure.

Ka ji abin da magabata suke nufi da suka ce, garin neman gira a rasa ido.