Tishun da Tela Ya Zaɓo wa Inna

Tunda ka ce an gama maka ginin sokawe, ramin da ruwan banɗaki ke zuba, saura ku tare a sabon gida, zauna in ba ka wani misali kafin ka shiga kanti sayayya.

An yi wani tela, mutumin kirki, irin wanda in ya so mutum sai ya wuce gona da iri. Da gwiwoyin mahaifiyarsa suka daina yarda da tsuguno, sai ya ɗauko ta daga ƙauye ya dawo da ita gidansa, ya sa aka yi mata banɗaki na zama a jikin ɗakinta. A asibiti an ce masa bayan tsarki da ruwan buta ta riƙa tsane jiki, don fatar tsufa ba ta son danshi. Shi ke nan fa, gogan naka ya faɗa kanti neman tishu. Ka san tela, da yatsu yake sanin kaya. Ya murza wannan ya ajiye, ya ja wancan ya ga ya yage, ya yi tsaki. Can ya sami wani mai kauri, mai ƙamshi, ya ja ya ja bai yage ba. Ya ce wannan ne ya dace da Inna, ya ciko but ɗin mota da shi.

Ba a yi wata huɗu ba ruwan banɗakin ya fara tafiya da ƙyar, daga baya ya ƙi tafiya sam, wari ya cika tsakar gida. Tsohuwa da kunya irin ta mutanen da, sai ta ɗauka ita ce ta ɓata wa ɗanta gida. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta rage ci, ta rage sha, don kada kewayawa ta kama ta. A kawo tuwo ta yi loma biyu ta ture, ta ce ta ƙoshi. Rannan ya dawo daga shago ya tarar ta ƙulle kayanta a zane, ta ce a mai da ita ƙauye, can masai rami ne, ba ya ƙin kowa. Wallahi maganar nan ta yi masa ciwo, don bai taɓa jin daɗin gidan ba kamar ranar da ta shigo shi.

Washegari ya kira dattijon maginin da ya yi sokawen. Dattijo ya ɗaga murfi, ya zura sanda a bakin bututu, ya jawo wani farin dunƙule da ya toshe hanya. Bai yi faɗa ba. Ya aika aka sayo masa siririn tishu, irin wanda telan ya raina, ya ce a kawo kwalba biyu da ruwa, a shimfiɗa wa tsohuwa tabarma a inuwa. Ya yagi siririn ya jefa a ɗaya, mai kaurin a ɗaya, ya rufe, ya miƙa mata ya ce ta girgiza da hannunta. Siririn nan da nan ya narke, ruwan ya koma kamar koko. Mai kaurin kuwa yana nan daram, sai yawo yake cikin kwalba. Dattijo ya ce, "Inna, ga mai laifin nan a hannunki. Yadi ɗanki ya zaɓo miki, rami kuwa ba ya cin yadi."

Tsohuwa ta dubi kwalbar, ta dubi ɗanta yana sosa ƙeya, ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Yaron nan, Allah ya shirye ka." Sannan ta juya wajen matar ɗanta ta tambaya ko akwai sauran ɗumame, kuma a ƙara mata man shanu.

To kai ma in ka sayo naka, kada ka tsaya ga laushi da ƙamshi, nemi kwalba da ruwa tukuna. Hausawa sun ce, sai an gwada akan san na ƙwarai.