Ƙasar Gonar Indo

Ran da wani injiniya ya tsugunna a bakin gonar Indo yana cika leda da ƙasa, ko sallama bai yi ba. An sako ruwa daga kanal, gona ta yi caɓa-caɓa, shi kuma ga takalmi sai ƙyalli. Sai ya tsaya a tudu, ya ɗiba daga wani tuli da ya tarar a gefe, kusa da inda jaki ke tsaye da mangala wayam. Indo ta ɗago daga cikin albasa, ta dube shi, ta dubi tulin, ta sunkuya abinta.

Indo fa ba a taɓa ta a duk yankin Bunkure. Tsohuwa ce 'yar firit, mijinta ya rasu ya bar mata gona kadada guda, da baki mai kaifin lauje. Tafin hannunta ja-ja-jur ya rine da makuba, ruwan ɓawon ɗorawan nan da mata ke daɓen ɗaki da shi tun kafin siminti ya kashe musu kasuwa. Mutane kan ce ta yi wa lalle rowa, ta ce nata ba ya goguwa.

Bayan wata guda sai ga injiniya ya dawo, yanzu da sallama har da tsugunnawa. Suhaibu sunansa, daga wani kamfanin roba na birni masu yin tiyon ban-ruwa. Ya tara jama'a ƙofar Mai unguwa Badaruddeen ya yi bayani. Wai roba zalla in ta sha rana sai ta langaɓe, shi ya sa ake cuɗa ta da garin yumɓu ta yi ƙwari. To amma yumɓu ɗan ruwa ne, roba 'yar mai ce, ba sa ga maciji. Sai an yi wa yumɓun wanka da wani magani mai tsada daga waje, ya lulluɓe shi ruf, sannan roba ta karɓe shi.

Gari arba'in ya zaga yana ɗibar ƙasa. Duk cikinsu ta Indo ce kaɗai ta shige roba ba gardama, ba magani, kamar an haife ta da rigarta. Ya fito da tiyon ya maka a ƙasa, ya hau ya yi tsalle. Tiyo ko gezau.

Kamfani na son gonar. Za su haƙe ta tun daga sama har inda ƙasa ta ƙare.

"Ɗan nan," in ji Indo, "albasa nake ci, ba na cin roba. Tashi ka ba ni wuri."

Daga nan gari ya juya mata baya. An ce za a ɗauki samari aiki, tsohuwa ɗaya ta tare hanya. Ranar da layin ban-ruwa ya zo kanta sai a toshe mata magudana. A kasuwa dillalai suka riƙa wuce buhunanta kamar ba su gani ba. Har Hajara maƙwabciyarta, wadda Indo ke kwana ɗakinta tun da ta fara gyaran nata, ta soma ɗaure fuska. Indo ta ɗauki fartanya ta buɗe ruwanta da rana tsaka, tana tambaya ko akwai namijin da zai zo ya hana. Babu wanda ya zo.

Mai unguwa ya kira ta. Ƙanin mijinta ne, don haka ya sassauta murya. Ya ce, "Yaya Indo, mutanen nan suna da hanya a sama. In ba ki sayar ba, ƙwacewa za a yi."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba sai sun wahala ba. Su haƙa rami uku duk inda suka ga dama a gonar, su je su gwada. In ta yi, na ba su kyauta, ko sisi ba na so. In ba ta yi ba, su rubuta sun bar ni har abada, kai ka sa hannu, liman ya shaida."

Suhaibu ya kusa haɗiye biro don murna. Hajara ta ɗora hannu a ka ta ce tsufa ya taɓa Indo.

Aka kawo mota mai haƙa. Rami na farko, da aka gwada, ƙasa ta dunƙule a cikin roba kamar gudajin tuwo, tiyo ya fito yana tsagewa. Na biyu, haka. Na uku Suhaibu da kansa ya cire takalmi ya shiga caɓi har gwiwa, daidai inda ya tuna ya tsugunna. Tulin babu shi, an daɗe da baza shi cikin albasa. Tiyon da aka yi da wannan, hannu ɗaya Mai unguwa ya sa ya karya.

Aka rubuta takarda, liman ya shaida. Indo ta sa suka cike mata ramukan, ta tsaya a kansu tana nuna inda bai cika ba.

Ranar Juma'a ta tara tsofaffi shida da madaɓai, ta sauke tulun ɓawon ɗorawa da ta jiƙa kwana bakwai, aka shiga yi wa ɗakinta sabon daɓe. Hajara ta dubi ƙasan ɗakin ta ce, "Ni kuwa Indo, tsohon daɓen da kika farfasa, wanda shekara arba'in kina shayar da shi makuba har ta lulluɓe shi ruf, ina kika kai shi?"

Indo ta buga madaɓi ta ce, "Inda kowa ke kai tsohuwar ƙasa mana. Jaki na ɗauko haya ya zube mini ita bakin gona don taki, wani mai tsoron caɓi ya zo ya cika leda."