Wanzamin da Ya Ƙi Ƙarasa Gyaran Gemu

Zauna nan kusa, 'yar nan, in ba ki wani misali, ke da kike ganin sai ciwo ya kwantar da mutum sannan ya ci sunan ciwo.

An yi wani wanzami a wani ƙauye, shekara talatin yana yi wa wani babban manomi aski duk hantsin Juma'a. Manomin nan Allah ya ba shi kwarjini. In ya shigo gida mata su sunkuyar da kai, 'ya'ya su durƙusa, surukai kuwa ko inuwarsa ba sa yarda su taka. Haka tarbiyyar gidan take, ba a haɗa ido da babba. Shi ya sa da ciwo ya shige shi, duk mutum ashirin ɗin da ke gidan ba wanda ya ga komai nasa sai daga ƙirji zuwa ƙasa. Ƙafafu suka kumbura, aka ce tsufa ne. Ciki ya turo riga, aka ce arziki ne, ai bana rumbu uku ya cika. Ya daina cin nama da duk abin da aka sa wa mai, matansa suka ce miyar ce ba ta yi masa ba, suka ƙara daddawa. Susa kuwa yana yi har fata ta yi fari, aka ɗora wa zafin bazara.

To shi wanzami aikinsa ba ya yiwuwa da sunkuyar da kai. Dole ya kama haɓar mutum ya juya ta gabas ya juya ta yamma, ko da sarki ne. Ran nan yana gyara wa manomin gemu a ƙofar zaure, rana ta haske fuskar sosai, sai ya ga farin idon ya koma ruwan ɗorawa. Ya ƙara dubawa: kumatu sun zurma, damtse ya zama kamar sillen kara, ga ciki kuma yana gaba abinsa. Ya ce a ransa, ƙiba ba ta zaɓen wuri haka. Aska ta tsaya a hannunsa.

Ya san hanya mai sauƙi. A zabirarsa akwai ƙaho, akwai saiwoyin ciwon shawara. Ya kafa masa ƙaho, ya ba shi jiƙo, a rabu ana sa wa juna albarka. Amma ya taɓa yi wa wani maƙeri haka, wata biyu yana ɗura masa jiƙo, har ranar da mutumin ya yi aman jini da safe, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Wannan abu bai taɓa barin zuciyarsa ba.

Sai ya ce, "Alhaji, fitsarinka wane launi ne kwanan nan?"

Manomi ya ture masa hannu. "Kai! Aski na kira ka ko leƙen bayan gida?"

"Kamar shayin da ba madara, ko ba haka ba?"

Manomi ya juyo ya ƙura masa ido. Can ya ce, "Wa ya gaya maka?"

"Idonka. Wannan ta fi ƙarfin zabirata. Ka kore ni in ka ga dama, amma gemun nan ba zan ƙarasa ba sai ka ce gobe da sassafe za mu asibiti."

Ya naɗe askarsa ya koma gefe ya zauna. Ga Juma'a ta matso, ga gemu gefe ɗaya a gyare gefe ɗaya buzu-buzu, kuma ba hular da ke rufe gemu. Manomi ya yi faɗa har ya gaji, ya kira shi ɗan neman magana, ya ce tun kakansa wanzamai ba su da kunya. Wanzami ya ce gaskiya ne, ya ci gaba da zamansa. Da ladan ya ɗaga murya, sai dattijo ya ce, "Zo ka ƙarasa, ja'iri. Na ji."

A asibitin birni likita ta ja fatar idonsa, ta danna ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama, aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki. Sakamako ya fito: ƙwayar ciwon hanta ce, ta yi shekaru tana ɓarna shiru, kuma abin da ya cika cikin nan ruwa ne, ba kitse ba. Likita ta ce hantar ta sha wuya amma da sauranta, da an ƙara 'yan watanni sai dai a yi haƙuri. Ta ɗora shi a kan maganin da zai riƙa sha kullum, ta rage masa gishiri, ta hana shi duk wani jiƙe-jiƙe. Ta ce a kawo mata mutanen gidan kaf. Aka cika mota biyu. Aka sami ƙwayar a jikin 'ya'yansa biyu, samari majiya ƙarfi da ko ciwon kai ba sa yi, aka kama tasu tun ba ta yi nisa ba. Sauran aka yi musu allurar rigakafi. Shi ma wanzami ya miƙa hannunsa aka gwada, kuma da ya ji ciwon yana bin jini, daga ranar kowane kai da sabuwar rezarsa.

Manomin nan da ake shirin rasawa ba a sani ba, ruwan farko na sauka shi ne a gaban masu shuka, yana saran rami yana yi wa samari tsiyar sun cika nawa. Bayan nan sai da ya ga damina tara, ya raɗa wa jikoki goma sha ɗaya suna da bakinsa.

Hanta ba ta da baki, 'yar nan, ba ta kuka, ba ta kiran kowa. Sai mai duban mutum da idon ƙauna, da rana tsaka, ba da wutsiyar ido ba. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, labarin zuciya a tambayi fuska.